Kujerar Ƙarfe a Ɗakin Maganaɗisu

Shekara ashirin da tara ya yi yana aiki a cibiyar binciken, kuma a cikin abokan aikinsa babu wanda zai iya gaya maka kalar tafin hannunsa. Shi ya sa ake ce masa Mai Safa. Farar safar hannu ce ta roba, tun daga bakin ƙofa yake saka ta da safe. In ya sosa hanci ya sake wata, in ya kama hannun ƙofa ya sake wata. Matarsa ta ce ko a gida, in zai ɗauki cokali, sai ya tsaya ya duba yatsunsa kamar aro aka ba shi.

A cibiyar, nauyin abin da ido bai taɓa gani ba ake aunawa. Kowace ƙwayar zarra tana da ƙwallo a tsakiyarta, a nan kusan duk nauyinta yake. Na ƙarfen ƙofa da na ruwan famfo ba su dame su ba, waɗannan tuni an auna su an ajiye. Su nasu sai an haɗa da gangan. Akwai babban inji a ƙarshen ginin mai harba ƙwayoyi su yi karo da juna, a cikin ɓaraguzan ake tsintar ɗaya ɗaya waɗanda ba sa ko kai ƙiftawar ido a duniya suke watsewa. Ma'aikata suna kiran su 'yan gajeren kwana. Kafin ɗan gajeren kwana ya watse ake so a kama shi a san nauyinsa.

Abin kamun shi ne tarko. Wasu zobba ne na tagulla da aka shafa wa ruwan zinariya, an jera su a kan juna, duka tsawonsu bai wuce ƙaramin gwangwanin madara ba. Ana zura shi a cikin wani maganaɗisu mai girman tankin ruwa. In ƙwallon ya faɗa ciki sai ya yi ta zagaye, mai nauyi a hankali, marar nauyi da sauri. A ƙirga zagayen, a fitar da nauyi. Kuma awo ne na ƙin ƙari: in da mutum ake ɗorawa, da sai su gane cewa gashin gemunsa ɗaya ya faɗi.

Zobban nan Mai Safa ne yake wanke su, ya goge, ya ɗaure da hantsaki da ƙananan kusoshi. Shatin yatsa ɗaya a jikinsu yana iya ɓata aikin sati uku, domin sai an zuƙe iskar ciki kaf, maiƙon hannu kuwa ba ya zuƙuwa da daɗi. Shi ne kuma mai tsaron jan layi. An ja shi a ƙasa kewaye da maganaɗisun, taku uku daga jikinsa, kuma ƙarfe ba ya ƙetare shi, ko makulli ne ko almakashi, don ƙarfe yana karkatar da ƙarfin maganaɗisu. Kujerun ɗakin ma duk na katako ne. Sai kuma littafin aiki, mai baƙin bango da lamba a kowane shafi. Duk abin da ya faru a ɗakin sai ya rubuta da biro tare da lokacinsa, ba a yagewa, ba a gogewa. Littafi goma sha bakwai ya cika. Babu wanda ya taɓa buɗe ko ɗaya ya karanta, ban da shi.

A cikin shekarun nan an buga takardun bincike sun fi arba'in da tarkon da ya ɗaure. A saman kowace akwai jerin sunaye, wani lokaci har ashirin, har da na ɗaliban da suka zo wata shida ba su san inda ake ajiye sukundireba ba. Shi nasa rabon yana can ƙasa, cikin ƙananan haruffa: muna godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaji. Abin yana ci masa rai, ba don yana ganin ya fi kowa ba. So yake kawai a ce ga wuri ɗaya a duniya da aka rubuta cewa ya yi aiki.

Mai sosa masa wurin da ke ciwo kuwa yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahauci ne, yana da teburi a bakin titinsu da sikeli mai ƙugiya rataye a jikin ginshiƙi, dole ta gabansa Mai Safa yake wucewa kullum in ya taso.

"Ga mai awon iska nan ya dawo," in ji mahaucin, yana sara ƙashi. "Ƙane, yau kilo nawa kuka samu?"

"Yaya, ba a kilo ake auna shi ba."

"To a me? A buhu?" Masu jiran nama su kwashe da dariya. "Ni dai abin da na auna, ana ɗauka a kai gida a dafa. Kai shekara nawa kana wanke-wanke da safa kamar mai karɓar haihuwa, ko ɗa ɗaya ba mu gani ba."

Mai Safa ya yi murmushin yaƙe ya wuce. Ba ya iya mayar da magana, ƙani ne, kuma bakinsa bai kai na yayansa kaifi ba ko rabi.

Saura wata biyar ya yi ritaya aka ba ƙungiyarsu kwana huɗu a kan babban injin. Shekara uku suka yi a layi kafin su samu. Akwai wani ɗan gajeren kwana da babu wanda ya taɓa auna shi a ko'ina, shi suke nema. Farfesa, shugaban ƙungiyar, mutum ne mai fara'a in abubuwa suna tafiya daidai. Ya tarar da Mai Safa a baranda da tiren zobba a hannu, ya dafa masa kafaɗa.

"Baba Mai Safa, wannan karon sunanka zai hau sama. Tare da namu. In muka samu wannan, kai ma marubuci ne."

"Ranka ya daɗe, da gaske?"

"Ka taɓa jin na yi wasa da irin wannan?"

Ya taɓa ji, sau biyu ma. Amma mutum in yana son abu, kunnensa yakan zaɓi abin da zai tuna. Ya gaya wa matarsa a kan kada ta gaya wa kowa. Washegari ta sayo firam na hoto mai bakin zinariya da gilashi, ta jingina shi a kan kabad babu komai a ciki. Kafin sati ya zagayo, duk mai sayen nama a titin ya san za a buga sunan ƙanin mahauci a takardar masana.

Akwai wata ƙa'ida a awon nan wadda ko mahaucin zai gane. Ƙarfin maganaɗisu yana ɗan motsawa da kansa, kaɗan kaɗan. Saboda haka kafin a auna ɗan gajeren kwana, sai a saka wani ƙwallo wanda an riga an san nauyinsa sarai, kamar yadda mai sikeli yake ɗora dutsen awo ya ga ko allura na nan daidai. Bayan awa uku a sake saka shi. In na farko da na biyu sun yi daidai, sai a yarda da duk abin da aka auna a tsakaninsu. Su ma dutsen awo suke ce masa.

Kwana biyu na farko babu abin da ya shiga tarko sai tarkace. A rana ta uku da safe Farfesa ya shigo da manyan baƙi, waɗanda suke sa hannu a ba cibiyar abin aiki. Ya daɗe yana shirya ziyarar, so yake su ga ana aiki da idonsu. Daktocin ƙungiyar, masu binciken, suna can ɗakin kwamfuta, bango biyu tsakaninsu da maganaɗisun, sun gama saka dutsen awo ƙarfe goma sha ɗaya daidai. Mai Safa ya tare baƙin a ƙofa da kwano yana karɓar makullai da agogo, suna miƙa masa ba tare da sun dube shi ba.

A cikinsu akwai wani dattijo mai ciwon gwiwa. Farfesa ya yi nisa a bayani, dattijon ya fara rangaji. Mai rakiyarsa ya leƙa baranda, ya jawo kujerar mai gadi, irin mai naɗewa, ƙarfe ce daga ƙafa har majingina. Ya dasa ta a gaban maganaɗisun, cikin jan layi tsundum, don hoto ya fito da kyau.

Mai Safa ya matso. "Ranka ya daɗe, kujerar nan..."

Farfesa ya yi masa wani kallo ta saman tabarau, murmushinsa na nan a fuska bai motsa ba. "Baba, je ka buɗe mana ɗakin taro. Ka tsaya a can ka taimaka wajen ba su ruwa."

Ya tafi. Ya buɗe ɗakin taro, ya jera kofuna, ya tsaya a bango har aka gama jawabai uku. Sai ƙarfe ɗaya da rabi ya samu ya zame. Ya dawo ya tarar da kujerar tana nan inda aka bar ta, ita kaɗai a ɗakin. Shekara ashirin da tara bai taɓa barin ko allura ta ƙetare layin nan ba. Bai tsaya tunani ba, hannunsa ne ya yi abin da ya saba: ya naɗe ta, ya mayar wa mai gadi, ya goge inda ƙafafunta suka taka. Sannan ya buɗe littafi ya rubuta: kujerar ƙarfe ta shiga sha ɗaya da minti goma, na fitar ɗaya da minti arba'in. Ya ji daɗi a ransa cewa ya gyara ɓarnar kafin wani ya gani.

Ƙarfe biyu aka sake saka dutsen awo. Ya yi daidai da na safe, cif.

A cikin waɗannan awa ukun ne kuma 'yan gajeren kwanan suka zo. Guda goma sha ɗaya. Ba su zo kafin nan ba, bayan nan ma sai guda biyu, a rana ta huɗu kuma injin ya samu matsala aka kashe shi.

Mai lissafin ƙungiyar wata Dakta ce, mace mai ƙarancin magana, ita kaɗai ce take ce masa Baba ba tare da wasa a muryarta ba. Sati uku ta yi a kan lissafin. Da ta fito da sakamako sai ginin ya ɗauka: nauyin ya saɓa da abin da masana suka daɗe suna hasashe, saɓani ƙarami amma a fili. Sabon abu ne aka gano. Farfesa ya riƙa shiga ofis-ofis yana tafa hannu, ya aika wa manyan baƙin nan albishir tun kafin a rubuta komai. Da aka fitar da daftarin takardar, Dakta ta kawo wa Mai Safa kwafi da kanta. Sunaye ashirin da uku. Nasa ne na ƙarshe, an rubuta shi daidai, babu kuskuren harafi ko ɗaya.

Ya cire safa ya taɓa wurin da yatsa. Ya karanta ya fi sau goma.

Da ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma ya ce tunda sunansa na kai, ya kamata ya san abin da ke ciki. Ya bi shafukan a hankali, yana tsallake lissafin da ya fi ƙarfinsa, har ya zo wani jadawali mai lokuta. Sha ɗaya zuwa biyu, rana ta uku. Ya ɗauko littafinsa ya buɗe ya ajiye kusa da takardar.

Ba sai ya yi digiri ba kafin ya gane. Kujerar ta shigo bayan dutsen awo na farko, ta fita kafin na biyu. Duk ƙwallayen nan goma sha ɗaya a gabanta suka yi zagayensu, cikin maganaɗisun da ta karkatar. Da ya bar ta a wurin minti ashirin kacal, da dutsen awo na biyu ya tona asirinta, a gyara lissafi ko a san ba a samu komai ba. Shi ne da tsabtarsa ya share sawun.

Kwana biyar yana yawo da abin a cikinsa. Babu mai karanta littafin, ya san wannan fiye da kowa. Mai gadi bai san me kujerarsa ta yi ba. Farfesa ya manta da ita tun a ranar. Saura wata uku ya tafi, takarda za ta fito, a saka ta a firam. Matarsa har ta sa an buga ƙusa a bangon falo. Ta ga ya rage cin abinci ta ce, "Maigida, murna ce ta hana ka ci? Ka ci mana, kada a zo ɗaukar hoto a ga ka rame." Ya yi tunanin yaga shafin, sai ya tuna da lambobin shafukan. Ya yi tunanin ɗauke littafin gaba ɗaya zuwa gida. Har ya saka shi a jaka, ya kai bakin ƙofa, ya dawo da shi. Tsoro yake ji, kuma yana jin haushin kansa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne, wuri ɗayan da za a rubuta sunansa a duniya ya zama a kan ƙarya.

A rana ta shida ya ƙwanƙwasa ofishin Dakta, ya buɗe mata shafin, ya sa yatsa a kan layin.

Ta karanta. Ta ɗago ta dube shi. "Baba, taku nawa tsakaninta da maganaɗisun?"

"Ɗaya da rabi."

"Kujerar na nan?"

Tana nan, mai gadi na zaune a kai. Suka ɗauko ta, suka saka dutsen awo a tarko, suka ajiye ta inda ya nuna. Lambar da ke kan allon kwamfuta ta gusa. Dakta ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan ambulan. Gusawar ta yi daidai da sabon abin da aka gano, ba ƙari ba ragi. Ta ajiye biron ta rufe fuska da hannu biyu. Ita ma da wannan takardar take sa ran a tabbatar da ita a aiki.

Farfesa bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya tara ƙungiyar duka a ɗakin taro, ya sa Mai Safa ya tsaya a gaba.

"Wa ya ce ka taɓa ta?"

"Ranka ya daɗe, ƙarfe ne a cikin layi."

"Na tambaye ka wa ya ce ka taɓa ta. Ana tsakiyar awo ka canja abu a ɗakin, ba ka gaya wa kowa ba?"

"Na rubuta a littafi."

"A littafi." Farfesa ya juya ga sauran. "Ya rubuta a littafi. Shekara uku muna jira, ya rubuta a littafi."

Mutum ashirin da biyu ne a ɗakin, kuma da yawansu sun ga hoton dattijon nan a kan kujerar, Farfesa na tsaye a gefensa yana nuna maganaɗisu. Hoton yana manne a allon sanarwa na baranda. Babu wanda ya tambayi yadda kujerar ta shiga. Dakta ta buɗe baki, Farfesa ya dube ta, ta mayar da idonta kan teburi. Kafin la'asar an cire hoton daga allon.

Aka janye takardar. Aka rubuta rahoto zuwa ga hukumar cibiyar, shafi biyu, aka manna kwafi inda hoton yake a da. Mai Safa ya tsaya ya karanta. Ya sa rai ko a nan zai ga sunansa, ko da a kan laifi ne. Rahoton ya ce an yi asarar awon ne saboda wani ma'aikaci ya motsa wani kaya a ɗakin maganaɗisu ba tare da izini ba. Aka kuma kafa sabuwar doka cewa daga yau dole mai lissafi ya riƙa karanta littafin aiki kullum, aka yaba wa Farfesa da ya kawo shawarar.

Watanni ukun da suka rage ya yi su ne a ɗakin wanke kwalabe. An karɓi makullin ɗakin maganaɗisu daga hannunsa. Dakta takan gaishe shi in sun haɗu, amma da sauri, tana duban wani wuri.

Ranar sallamarsa aka taru minti goma sha biyar a baranda. Farfesa yana da wani taro. Ɗaya daga cikin matasan daktocin ya yi ɗan jawabi, sannan ya ce ƙungiya ta haɗa masa kyauta don kada ya manta da su. Biyu suka shigo da ita a naɗe, an ɗaura mata jan kirtani mai ado a majingina. Kujerar ce. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, wani yana ɗaukar hoto da waya. Mai Safa ya duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu shi ya koya musu yadda ake saka safa ba tare da an taɓa bayanta ba. Ya ce ya gode. Bai san abin da ake faɗa ba in ba wannan ba.

Ya cire safarsa ta ƙarshe ya jefa a kwando, ya ɗauki kujerar da hannunsa tsirara. A motar haya sai da ya riƙe ta a kan cinya, tana bugun gwiwar na kusa da shi.

Bai gaya wa kowa a gida abin da ya faru ba, kullum cewa yake takarda tana hanya. Da ya sauka a bakin titi, matarsa tana tsaye wajen teburin mahauci, ta fito tarbarsa da firam ɗin a hannu, ta goge gilashin yana ƙyalli.

"Maigida, ina takardar? Sun ba ka?"

Ya tsaya da kujera a hammata. A nan, a gaban masu jiran nama, ya faɗa musu duka, da kalmomi kaɗan, yana duban ƙasa. Matarsa ta juya firam ɗin ta manna gilashin a ƙirjinta.

Mahaucin ya goge hannu a gaban rigarsa, ya zagayo. "Wannan ce? Kawo mu gani." Ya karɓe ta, ya ɗaga, ya rataya a ƙugiyar sikeli da jan kirtanin nata. Allura ta yi rawa ta tsaya.

"Kilo huɗu da rabi," in ji shi da ƙarfi, don na baya su ji. "Ka gani, ƙane? Ko minti ɗaya ban yi ba."

Ya sauke ta, ya buɗe, ya zauna a kai ya gwada ta da nauyinsa. Ya ce tana da ƙwari, a bar masa ita a nan, da ma ƙafarsa tana damunsa da tsayuwa.